Motar Nagoggo Mai Tsoron Boda

Sunan da liman ya raɗa masa Zunnuraini ne, amma in ka shiga tashar Magama kana cigiyar Zunnuraini, sai a ce maka ba a san shi ba. Ka ce Nagoggo, ko mai shayi zai nuna maka inda ya ajiye mota. Uwarsa ta rasu yana goye, ƙanwar ubansa, Goggo Fatu, ta je Riko ta ɗauko shi ta kawo shi cikin Jibiya. Ita ta yaye shi da kunu, ita ta yi masa aure, kuma sunan ya bi shi har ya fara furfura.

Ni Maharazu, gyaran wayar mota nake yi, rumfata tana bakin titi kafin ka kai shingen kwastan. Ban iya yabon mutum ba, ban kuma da lokacin zaginsa. Abin da na gani Nagoggo ya yi shi zan faɗa.

Mutum ne wanda ba ya iya ɓata wa kowa rai, saboda haka komai nasa biyu ne. Hula biyu gare shi a mota: zanna ta wannan gefen, da jar dara wadda yake ɗorawa da zarar ya tsallaka boda ya nufi Ɗan Isa ta Nijar, wai jandarmomi sun fi sakin fuska in sun gan ta. Masu shayi biyu ne a tasha, ba sa ga maciji da juna, shi kuwa kullum sai ya sha na kowa. Tuwon dare ma sau biyu yake ci, ɗaya a gidan Goggo, ɗaya wajen matarsa Salmatu, kowace tana ganin nata kaɗai ke riƙe da shi. Tumbinsa ne kawai ya san gaskiya. Ba na ce yana ƙarya ba. Kewaya gaskiya yake yi, yadda 'yan fasa-ƙwauri ke kewaya shinge, ya fito ta can gaba yana murmushi.

Kamasho ya fara yi, daga nan ya koyi tuƙi, ya daɗe yana jigila tsakanin Katsina da Maraɗi. Bai taɓa mallakar mota tasa ba. Lokacin da aka rufe boda, mai motar da yake ja ya sayar da abarsa, Nagoggo ya koma tura baro yana sayar da rake. Na gan shi da idona yana fere wa yaran da a da suke wanke masa mota. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma tumbin ya faɗa.

Da aka buɗe hanya, Hajiya Rahama, mai kai atamfa da kayan kicin Maraɗi, ta sayo wata doguwar mota 'yar Kwatano ta ba shi makulli. Ta ce kada ya ɗaukar mata kayan da za a kama, kada ya sha man bakin hanya, sannan ta ɗaga yatsa ta ce ba ta yarda a rataya mata laya a mota ba. Hajiya a girma ta shiga Islamiyya, kuma wanda ya yi karatu a girma ba ya sassauci. Direbanta na baya a kan wani ɗan ƙullin fata da ta gani a madubi suka rabu. Nagoggo ya ce, “Hajiya, ni da laya? Allah shi kiyaye.” A ranar gaskiya ya faɗa.

Motar lafiyayya ce. Sai bayan 'yan watanni kaɗan ta tsiro da wani hali. Za ta taso daga Katsina cike da fasinja, tana gudu kamar an koro ta. A iso boda, a kashe ta, a shiga a buga takardu. Da an dawo an tayar, sai 'yar fitilar nan mai ruwan lemo, wadda direbobi ke kira cek, ta kama a gaban sitiyari. Daga nan motar sai ta yi sanyi. Ka take totur har ƙasa, ita kuwa tana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri, baƙin hayaƙi na bin ta. Haka za ta ja jiki har Maraɗi. In ta kwana ta huce, da safe sai ta tashi garau kamar ba ita ba. A dawowa ma haka, da an tsaya wajen duwan, wato kwastan na Ɗan Isa, an kashe, shi ke nan.

'Yan tasha suka sami abin yi. Suka ce motar tsoron boda take yi. Wani ya ce ai tun shigowarta daga Kwatano kwastan suka firgita ta. Wani ya ce ba ta da fasfo. In Nagoggo ya doso shinge sai ka ji ana ihu, “Rufe mata ido, Nagoggo! Ga masu kaki nan!” Shi ma dariya yake yi tare da su, ya ce ai mota mai kunya ce.

Maganin da ya fara yi mata shi ne wanda kowane direba ke yi. Ya sayi sitika mai “Allah Ya Kiyaye Hanya” ya manna a kan fitilar. Bayan haka ya bi masu gyara. An canza fulogi, an canza filta, wani a Katsina ya canza masa sansa, wato mai auna iskar da ke maƙogwaron inji. Wajena ne kawai bai zo ba, alhali kullum ta gabana yake wucewa yana ɗaga mini hannu. Na lura da shi sarai. Mai ciwon da ke gudun asibitin ƙofar gidansa ya san abin da yake ɓoyewa.

Ranar da asiri ya tonu, Hajiya da kanta tana gidan gaba, za ta kai kaya. Aka tashi daga boda, mota ta fara jan ƙafa. Wani mai amalanken shanu ya jera da su har yana gaishe ta. Hajiya ta dubi sitikar, ta sa farce ta ɓamɓare, fitila ta leƙo tana haske.

Washegari ta zo tasha, a gaban kowa ta ce, “Nagoggo, man bakin hanya kake ɗura mata ko mi, ban sani ba, ban kuma tambaye ka ba. Ranar Lahadi in an tashi kasuwa zan shiga motar nan da kaina. In wutar nan ta kama a boda, ka miƙa wa Abbas makulli.” Abbas ɗan yayarta ne, ya daɗe yana zagaya motar yana shafa ta kamar angon da ke jiran a ɗaura.

Da yamma sai ga Nagoggo a rumfata, hula a hannu.

“Injiniya Maharazu, sarkin waya, wanda Maraɗi da Katsina…”

“Ajiye kirarin, buɗe mota.”

Na jona kwamfutata a ƙarƙashin sitiyari. Ta fito da lamba, P0069. Na ce masa, “Ka ga, motar nan tana da masu auna iska biyu. Ɗaya a maƙogwaron inji, wanda aka canza maka a banza. Ɗayan yana cikin ƙwaƙwalwar mota, wannan akwatin da ke ba inji umarni, shi kuma nauyin iskar waje yake aunawa ta wani ɗan rami. Duk lokacin da ka murɗa makulli, kafin inji ya tashi, ƙwaƙwalwa tana tambayar su biyun. Tunda inji bai fara zuƙa ba, dole amsarsu ta zo ɗaya. In suka saɓa, sai ta ce ɗaya maƙaryaci ne, ta kunna wuta, ta rage wa inji ƙarfi don kada ya yi wa kansa lahani.”

“To ka goge lambar mana.”

“In goge, ka je boda ta dawo. Buɗe bonet.”

Ya buɗe, amma ya tsaya ta gefen batir, ya jingina tumbinsa daidai inda ƙwaƙwalwar take. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ɓera ya ci, babu wadda ta yi tsatsa. Na auna wutar da ke zuwa sansar maƙogwaro, daidai take. Motar ta huce a lokacin, lambobin biyu a kwamfuta kusan ɗaya. Na ce ya tayar, muka bar ta tana aiki har inji ya yi zafi sosai, sannan na kashe, na ɗan jira kamar yadda ake jira a boda, na murɗa makulli. Na maƙogwaro yana nan inda yake. Na cikin ƙwaƙwalwa ya haye sama, kamar motar ta faɗa rijiya mai zurfi.

Na ce, “Ba boda take tsoro ba. Ko a ƙofar gidanku ka kashe ta da zafi haka za ta yi. Boda ce kawai inda kake kashe ta ka sake tayarwa kafin ta huce. Iska ce ta maƙale a cikin akwatin nan, in ta ji zafi ta kumbura. An toshe ramin. Matsa.”

“Injiniya, wajen nan lafiya lau yake, ni na duba.”

“Matsa, ko ka ɗauki motarka.”

Ya matsa kamar wanda za a yi wa allura. An lulluɓe ƙwaƙwalwar da wani yankin tsohon tif na taya. Na ɗaga. Ga laya nan, jar fata, an ɗaure ta da zare an kewaye akwatin, an kuma manne ta da kakin zuma don kada girgiza ta motsa ta. Zafin inji ya narkar da kakin, ya gangara ya cika ɗan ramin ya daskare a ciki.

Na dube shi. Ya dubi sama.

“Ba ni na sa ba,” in ji shi.

Nan ya ba ni labari. Ranar da ya karɓi makulli ya kai motar ƙofar gidan Goggo don ta sa albarka. Bakinsa ya ja masa, ya shiga yi mata fankama, wai wannan ba irin motocin da ba ce, wannan ƙwaƙwalwa gare ta, tunani take yi. Goggo ta ce a nuna mata. Idonta ya yi yana, ba ta gani sai inuwa, amma ungozoma ce, rabin Jibiya a hannunta suka faɗo, yatsunta sun fi idon wasu. Ta shafa akwatin. Kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama a shekarun nan, wanda ya fita da safe sai ya dawo ake cewa ya dawo. Bayan 'yan makonni ta sa aka rubuto mata laya, ta kai wa baduku ya ɗinke, ta ce a kai ake ɗaura wa yaro, saboda haka a kan mota za a ɗaura. Da hannunta ta manna. Tun daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya kai mata motar, ya buɗe bonet, ta laluba ta ji layar tana nan, sannan ta ba shi fura.

Na ce, “To sai ka gaya mata ta toshe rami, a ɗaga layar.”

“In ce wa Goggo layarta ta sa wa mota ciwo? Tsohuwar da ta sai da akuyarta ta yi mini? Ka kashe ni mana.”

“To gaya wa Hajiya.”

“Injiniya, kai ba ka da tausai? Abbas har sabon maɓallin makulli ya saya.”

“To cire ta ka jefa aljihu, ran Juma'a ka maida.”

“Kaki hwa? Goggo ta san yadda ta shafa abinta. Kuma in na manta rana ɗaya?”

Na ce ni dai aikina in buɗe rami, sauran ya rage nasa. Ya zauna a kan benci yana jujjuya hula. Can sai na ga fuskarsa ta washe, na san wata tsiyar ta zo.

Da safe ya dawo da wata ƙwaƙwalwar a cikin buhu. Wajen 'yan gwangwan ya samo ta, matacciya, ta wata motar da ruwa ya ci, amma kamarsu ɗaya da ta motar Hajiya.

“Ka ɗaura mini wannan a gefe, ta sama, inda hannu zai fara kaiwa. Mu maida layar kanta. Goggo ta taɓa abinta, mota ta sha iskarta, Hajiya ta ga wuta ta mutu. Wa aka cuta?”

“Tuwo biyu, hula biyu, yanzu ƙwaƙwalwa biyu. Kai kuma ko ɗaya ba ka da ita.”

“Na gode, Injiniya. A sa mata 'yan wayoyi don ta yi kama da mai rai.”

Na yi masa, don motarsa ce ba tawa ba. Na fara da aikin gaske. Na cire kan batir, na kwance ƙwaƙwalwar mai rai, na kife ta a rana har kakin ya yi laushi, na riƙa tsotse shi da auduga a bakin tsinke. Ba a zura allura a ramin nan, akwai wata 'yar fata siririya a ciki mai hana ruwa shiga, in ka huda ta ka gyara ɗaya ka ɓata ɗaya. Da ramin ya buɗe na mayar, na goge lambar, muka zafafa inji, na kashe, na kunna. Masu auna iska biyu suka yi magana da baki ɗaya. Sannan na ɗaure gawar a saman, na cusa mata wayoyin da ba su zuwa ko'ina. Nagoggo da kansa ya ɗora layar, ya narka sabon kaki ya shafa, yana yi yana lasar leɓe kamar mai zanen ƙwarya.

Ranar Juma'a na ce sai mun gwada ta a hanya kafin in sallame shi. Muka tafi har kusa da Katsina muka juyo, muka kashe a bakin shinge, muka tayar. Wuta ba ta kama ba. Nagoggo ya yi ta buga sitiyari yana kabbara. Daga nan ya ce in raka shi gidan Goggo, wai in ta ga baƙo ba za ta daɗe tana lalube ba.

Muka same ta a zaure a kan tabarma, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, da carbi. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta tambayi ko ni ɗan wane ne, na faɗa, ta ce, “Ɗan Nana? Ai ni na yanke maka cibi. Da ƙafa ka fito, ka ba mu wuya.” Na ce har yanzu haka nake.

Ya riƙo hannunta zuwa mota, ya ɗaga bonet, ya ɗora yatsunta daidai kan layar. “Ga ta nan, Goggo, lafiya lau. Mu koma ciki, rana.”

Ba ta ɗaga hannun ba. Ta shafa layar, ta shafa kakin, sannan ta kwantar da tafinta gaba ɗaya a kan akwatin. Ta daɗe haka.

“Daga ina kuke?”

“Daga hanyar Katsina, Goggo.”

“Kun yi gudu?”

“Ƙwarai.”

“To mi ya sa kan nan ba ya motsi? Kullum in ka kawo ta, kan nan da zafi nika jin shi, har da ɗan kuka ciki kamar na sauro. Wannan ɗumin rana ne kawai a bayanshi.” Ta ja ɗaya daga cikin wayoyina, ta biyo hannunta salin alin. Ta riƙe ta a sama. “Kai, ni za ka kawo wa gawa? Tun ba a haife ka ba nika rarrabe kan mai rai da wanda ya tahi.”

Nagoggo ya buɗe baki. “Goggo, ai motocin zamani, wani lokaci ƙwaƙwalwar takan…”

“Rufe mini baki, ja'iri. Kai ɗan Nana, kai ne mai gyaran? Gaya mini.”

Ya yi ta ƙifta mini ido. Ni kuwa ban iya kewaye-kewaye ba, kuma matar da ta yanke mini cibi ce. Na gaya mata duka: ramin, kakin, wutar, da maganar Hajiya ta ranar Lahadi. Na kama yatsanta na kai shi ƙasa, kan ƙwaƙwalwar gaske, na ɗora a bakin ramin.

Ta taɓa shi a hankali, yadda ake taɓa maɗigar jariri.

“Ta nan take shan iska?”

“Ta nan, Goggo.”

“Ni na toshe?”

“Kaki ne ya gangara.”

“Ni na toshe,” in ji ta. Ta juya wajen Nagoggo. “Wata nawa baiwar Allah tana shaƙe, kana tafe da mutane cikinta tana rarrafe a dajin nan, ba ka faɗa mini ba? In da wani abu ya taso maku a hanya, da wace ƙafa za ta gudu? Na ɗaura don ka dawo gida, kai ka bar ta ta zama abin da zai tsaida kai?”

“Kada ranki ya ɓaci ne, Goggo.”

“Raina? Rake hwa? Ka manta ka tura baro? In aka karɓe makullin nan, raina daɗi zai yi?”

Ta sa farce ta ɓamɓare layar daga kan gawar, ta kankare kakin da bakin zanenta. Na ɗauka ciki za ta shige da ita. Sai ta ce, “Naɗe hannun riga.”

“Goggo, a titi muke.”

“A titi na yi maka wanka. Naɗe.”

Ya naɗe na hagu. Ta ɗaura masa a damtse, ta ja zaren har ya yi ƙara, ta ƙulla. Yaran unguwa da mai kanti na kallo, ga ƙato da furfura a gemu ana ɗaura masa laya kamar ɗan yaye.

“Dama ni ba ƙarfe na raina ba,” in ji ta. “Kai ka ce mini tana da ƙwaƙwalwa, na ce to bari a ɗaura inda hankali yake. Ashe gara nan ɗin.” Ta ce a kawo mana fura. Ta ba ni a babbar ƙwarya, shi a ƙarama.

A hanyar komawa na ce ya tsaya in kwance gawar. Ya ce a bar ta zuwa gobe. Kafin goben, wani kamasho ya leƙa bonet ya gani, labari ya zaga tasha cewa an sa wa motar Nagoggo ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya ta Najeriya ɗaya ta Nijar, shi ya sa ta daina tsoron boda. Direbobi suka fara zuwa rumfata suna tambayar ko akwai saura. Na kore su. Ɗaya har ya yi fushi ya ce son kai nake yi.

Ranar Lahadi da la'asar, kasuwa ta fara watsewa, Hajiya ta iso da ɗaurin atamfofinta, Abbas na biye da ita yana kaɗa sabon maɓallinsa. Ta ce in shigo, tunda an ce ni na yi gyaran. Zafi ake yi kamar a gasa gurasa a kan bonet, amma Nagoggo yana cikin riga mai dogon hannu, ya ɓalle maɓalli har wuyan hannu. Ta sa ya yi ta zagaye da mu har inji ya ɗauki zafi, sannan muka nufi shinge. Ta ce a kashe. Muka ɗan jira, Abbas yana leƙen gaban sitiyari ta kan kafaɗarta. Ta fara goga yatsa a kan gilashin fitilar, ko an shafa baƙin fenti.

“Tayar.”

Ya murɗa. Fitilar ta kama tare da sauran 'yan uwanta kamar yadda ta saba, inji ya tashi, fitilar ta mutu. Ta sa ya sake. Ta mutu. Ya taka totur, mota ta yi tsalle har ɗankwalin Hajiya ya zame. Abbas ya mayar da maɓallinsa aljihu.

Hajiya ta ce a buɗe bonet. Na riga na cire gawar, amma ba a raba kakin zuma da ƙamshi. Ta sunkuya, ta lakato ɗan ragowar da ya maƙale a gefen akwatin, ta murza a yatsa, ta shinshina.

“Malam Maharazu, mi ya toshe ramin?”

“Kaki, Hajiya.”

“Zuma ta yi saƙa a motata ke nan.”

Nagoggo ya ce, “Ikon Allah, Hajiya, ai daji muke bi.”

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Idonta ya tsaya a damtsensa na hagu, inda riga ta yi ɗan tudu, gumi ya zana shi murabba'i sak. Ya yi sauri ya rungume hannu. Ta san Goggo Fatu, ita ma duk 'ya'yanta a hannun tsohuwar suka faɗo.

“Yaya jikin Goggo?”

“Da sauƙi, Hajiya, tana gaishe ki.”

“Ina amsawa.” Ta goge yatsanta da gefen mayafi. “Na ce ba na son abin nan cikin motata, kuma ban canza ba. Hannunka kuwa naka ne, ba ni na saya ba, tsakaninka da Ubangijinka. Amma in kana jan motata, hannun nan ya zauna a waje.”

“A waje, Hajiya?”

“Ba taga gare ka ba?”

Ta koma ta zauna a gidan gaba, ta ce a tafi, dare na yi. Ni na sauka a nan. Na tsaya ina kallo suka wuce shinge, jar dara ta hau kai, gwiwar hannun hagu ta leƙo ta taga.

Makullin yana hannunsa har yau, wutar kuma ba ta sake kamawa ba. In ka tsaya a Magama ka ga doguwar mota ta doso, direba ya zuro hannun hagu waje tun daga kafaɗa, ba sai ka tambaya ba. Hannun ya fi ɗan uwansa baƙi nesa ba kusa ba. Da damina fasinja kan yi ta roƙonsa ya ɗaga gilashi, feshi na dukansu, shi kuwa ya ce su yi haƙuri, gilashin ne ya lalace. Ya taɓa kawo mini in duba gilashin a gaban wani fasinja mai faɗa. Na danna, ya tashi sumul. Na ce masa lafiyarsa ƙalau. Ya ce, “To, Injiniya ya gyara,” ya sauke abinsa, ya fitar da hannu, ya ja mota.